Komawa ga Zane Bayan Ajiye Aiki: Garinmu a Idon Masu Furfura

(Jawabin da aka gabatar a zama na biyu na taron shekara-shekara na Ƙungiya)



 

Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama, mu 'yan ƙalilan daga cikin mambobi da muka koma ga zane bayan mun ajiye aiki. Mun san akwai waɗanda suka ga wannan maudu'i a takardar jadawali suka yi murmushi, domin a zauren da aka saba tattauna batun rijiyar burtsatse da tallafin karatu da gyaran hanya, maganar fenti da buroshi ta yi kama da wasan yara. Muna roƙon a ɗan yi haƙuri da mu. Abin da muka zo da shi ya shafi wata dukiya ta garinmu da take salwanta a kowace shekara, kuma babu wanda yake riƙe da ita sai masu furfurar da ke cikin wannan zaure.

Dukiyar da muke nufi ita ce kamannin garin kamar yadda yake a da. Duk wanda ya haura shekara 60 a cikinmu yana iya rufe ido ya ga inda ragowar ganuwa ta bi, ya ga kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, da kukar bakin kasuwa, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, da fadamar da ake noman rake da albasa. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, kuma yawancin waɗannan wurare babu wanda ya ɗauke su a hoto. A wancan zamani kyamara sai a gidan hoto ko ranar biki, kuma fuskokin mutane ake ɗauka. Ba wanda zai ɓata fim a kan fadama. Sa'an nan farin 1972 zuwa 1974 ya zo, na 1983 da 1984 ya biyo baya, gatarin masu itace da masu gawayi ya ƙarasa abin da ya saura, aka yanka gonakin bayan gari aka yi fuloti, bulo da kwano suka maye gurbin soro. A wasu garuruwan ma abin ya fi namu tsanani: tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, haka kuma an tayar da ƙauyuka saboda madatsar Tiga a 1974 da ta Bakolori a 1978. Wayar da ke aljihun kowannenmu tana iya ɗaukar abin da yake nan a yau, amma kukar da aka sare shekara 40 da suka wuce ba ta da inda ta rage sai a cikin kawunanmu.

Ga misali guda na yadda zane ɗaya yake yin amfani. A watan Fabrairun 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya hau dutsen Dala ya zana birnin Kano kamar yadda ya hango shi. Da ya koma Turai, wani mai zane na birnin Munich mai suna Bernatz ya gyara zanen aka buga shi a littafin tafiyarsa a 1857. Har gobe wanda yake son ya ga Kano ta wancan lokaci, wannan hoto ne ake nuna masa. Baƙo ne da ya yi 'yan makonni a birnin ya bar mana shi. Haka kuma zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, wanda aka fara nazarinsa a shekarun 1950, shi ya shaida mana cewa an taɓa kiwon shanu marasa tozo a wannan yanki.

To, waye zai zana namu garin? Amsar da aka saba bayarwa ita ce sai wanda ya yi karatun abin. Ba mu raina karatu ba. Sashen koyar da zane na Zariya, wanda ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta, ya fitar da gwanaye irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a 1958, duniya kuma ta san su. Sai dai ƙwararren da ya fito daga Zariya bai san inda tsamiyar makabartarmu take ba, bai kuma san kalar da fadamarmu ke yi da hantsi a watan takwas ba. Wanda ya san wannan shi ne tsohon malamin makaranta, da tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da tsohon akawu, waɗanda tun suna firamare malaminsu yake ba su alli su zana taswira a allo saboda hannunsu ya fi na kowa. Da yawa a cikinmu haka muke. Muka girma aka ce mana zane ba sana'a ba ce, neman abinci ya ɗauke mu, muka ajiye fensir shekara 35 ko fiye.

Bari mu kawo labarin wata mata da ta bi irin wannan hanya, domin labarinta ya fi duk wata hujja da za mu iya kawowa. Sunanta Anna Mary Robertson, amma duniya ta san ta da Grandma Moses, wato Kaka Moses. An haife ta a 1860 a wata gona a jihar Niyok ta Amurka. Tun tana ƙarama take son zane. Mahaifinta yakan sayo wa yaransa farar takarda mai araha, ita kuma takan matse 'ya'yan inabi da lemo ta samu kala. Tana shekara 12 aka kai ta aikatau gidan wasu masu hali, ta yi kusan shekara 15 tana wanki da girki da raino a gidajen mutane. A 1887 ta auri wani ɗan ƙwadago mai suna Thomas Moses, suka tafi jihar Virginia suka yi kusan shekara 20 suna noma, tana kaɗa man shanu tana sayarwa. Ta haifi 'ya'ya 10, biyar suka rasu suna jarirai. A 1905 suka dawo jiharsu suka zauna a wani ƙauye da ake kira Eagle Bridge. Duk tsawon wannan lokaci ba ta da sararin zane, in ban da wani karo a 1918 da takardar adon bango ta ƙare mata, ta ɗauki fentin gida ta zana itatuwa da ruwa a kan allon da ke rufe murhu.

Mijinta ya rasu a 1927. Ta koma yin hotuna da zare da allura, irin aikin da iyayenmu mata za su gane, har ciwon gaɓoɓi ya kama mata yatsu, allura ta gagare ta riƙewa. 'Yar uwarta ce ta ba ta shawara ta gwada buroshi, tunda shi ba ya bukatar matsi. Lokacin ta haura shekara 75. Ba ta da malami. Katako take samu ta shafe shi da farin fenti, ta kwantar da shi a kan tebur, ta fara daga sama ta gangaro: sararin sama tukuna, sai duwatsu, sai tuddai, sai gonaki da gidaje. Inda siffar wani abu ta ba ta wahala, takan yanko hoto daga tsohuwar mujalla ta kwaikwaya. Da ta ga farin fenti bai ba ta ƙyallin ƙanƙara ba, sai ta riƙa barbaɗa masa ƙyalƙyali, ko da yake masana sun ce ba a yin haka. Ta ci gaba da abinta.

A 1938 wani injiniya mai sha'awar tara zane, Louis Caldor, yana wucewa ta garin Hoosick Falls ya ga zanenta a tagar wani kantin magani, an sa musu kuɗi dala uku zuwa biyar. Ya saye su duka, ya nemi gidanta ya ƙara saye. A 1940, tana da shekara 80, aka yi baje kolin aikinta ita kaɗai a birnin Niyok. A 1949 Shugaba Truman ya miƙa mata lambar yabo da hannunsa. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101, ta bar zane fiye da 1,500, kuma a 2006 an sayar da ɗaya daga cikinsu a kan kuɗi fiye da dala miliyan ɗaya.

Mun san wannan adadi na ƙarshe shi ne zai fi zama a kunnen wasu, shi ya sa za mu ja hankali ga wani abu dabam. Me wannan tsohuwa take zanawa? A lokacin da take aiki, ƙauyenta ya riga ya samu mota da tarakta da turakun waya. Da wuya ka ga waɗannan a zanenta. Ƙauyen ƙuruciyarta take zanawa daga ƙwaƙwalwa: ranar wanki, ranar dafa ruwan itacen da suke yin sukari da shi, gadar katako mai rufi, keken doki a kan ƙanƙara. Mutanen da suka yi tururuwa zuwa kallon aikinta, akasarinsu mazauna birni ne da iyayensu ko kakanninsu suka baro ƙauye, wato mutane irinmu da irin 'ya'yanmu. Masana sun yi ta gardama a kan ko gwana ce ko ba gwana ba, domin gidajenta sukan karkace, nesa da kusa sukan cuɗe. A namu ganin gardamar ba ta da wani amfani. Ta san abin da take zanawa ciki da waje, kuma wannan sanin yana fitowa fili a kowane allo nata.

Don kada a ce mun zaɓi mai daɗin kawai, ga Alfred Wallis na Ingila. Tsohon masunci ne kuma mai sayar da tarkacen jirgin ruwa a garin St Ives. Matarsa ta rasu a 1922, kaɗaici ya dame shi, ya fara zane yana da kimanin shekara 70. Ba shi da kuɗin kayan aiki, don haka kwalayen da mai kanti ya zubar yake yankawa, ya yi amfani da ragowar fentin jirgi. Jiragen filafilai yake zanawa, waɗanda jirage masu inji suka riga suka kora daga teku. A 1928 wasu ƙwararru biyu daga Landan, Ben Nicholson da Christopher Wood, suka hango aikinsa ta ƙofar ɗakinsa, suka yayata shi. Duk da haka ya rasu a 1942 a gidan gajiyayyu, ba shi da ko anini. Kwalayen nan nasa yanzu suna manyan gidajen adana zane na Ingila. Wanda zai shiga wannan harka don kuɗi, ya tuna da Wallis kafin ya tuna da Kaka Moses.

Ta ukun ita ce ta fi taɓa mana zuciya. Sally Gabori 'yar asalin Ostireliya ce, daga wata ƙaramar al'umma da ake kira Kaiadilt, an haife ta wajen 1924 a tsibirin Bentinck. A 1948, bayan fari da ambaliyar teku sun lalata musu ruwan sha, aka kwashe mutanen tsibirin baki ɗaya aka kai su wani tsibiri. A can ta ci gaba da rayuwarta, ta yi 'ya'ya da jikoki, ta tsufa. Sai a 2005, tana da fiye da shekara 80, ta fara riƙe buroshi. Kafin rasuwarta a 2015 ta yi zane kusan 2,000, kuma kusan kowanne sunan wani wuri ne a tsibirin da aka raba ta da shi: inda aka haife ta, ƙasar mahaifinta, ƙasar mijinta. A 2022 an yi babban baje kolin aikinta a birnin Faris. Mu ba a kwashe mu da jirgi ba, da ƙafarmu muka tafi neman ilimi da abinci. Amma akwai 'yan uwa daga sassa da dama na Arewa da rashin tsaro ya hana su taka gonar gado shekara da shekaru, kuma ba sai mun yi dogon bayani a kan wannan ba.

Akwai tambayar da muka san tana zukatan mutane, gara mu taɓa ta a gaban malamanmu. Shin zane ya halatta? Mu ba masu fatawa ba ne. Abin da muka karanta a gaban malamai shi ne ruwayar da Bukhari da Muslim suka kawo, cewa wani mutum da yake cin abinci da yin hotuna ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya gargaɗe shi game da siffanta masu rai, sa'an nan ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Irin zanen da muke magana a kai, wato zanen shimfiɗar ƙasa, shi ne na dutse da kogi da itace da gona da gini da gajimare. Kaka Moses takan cika allonta da mutane da dabbobi. Ba dole ne mu bi ta a nan ba. Burtali yana nuna kansa ko babu saniya a cikinsa, kasuwa kuma ana gane ta da rumfunanta. Wanda yake da sauran shakka, ga malamai nan zaune. Kuma kada a manta, ado da kala ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Magina sun daɗe suna yi wa fuskar soro zane, masu zayyana suna ƙawata allon sauka, ga masu ɗinkin aska takwas, ga masu sassaƙa ƙwarya, ga dukawa. Abin da bai yaɗu a cikinmu ba shi ne zama a dubi fili a sauke shi a takarda.

Yanzu sai mu faɗi kaɗan daga abin da muka koya a aikace, domin masu niyya. Kada a fara da sayen kaya masu tsada. Littafin zane na 'yan makaranta da fensir mai laushi sun isa wata uku na farko. Abin da ake koya a wannan lokaci shi ne kallo, kuma abin mamaki ne yadda mutum zai yi shekara 60 yana wuce kuka bai taɓa lura da yadda rassanta suke fita daga jikinta ba. Hannu zai yi rawa, layi zai karkace, jikoki za su leƙo su yi dariya. Wannan duk yana wucewa, gemu kuwa ba ya hana ilimi. A riƙa rubuta kwanan wata a kowane shafi, kada a yaga ko ɗaya, domin ranar da gwiwa ta yi sanyi, shafin farko ne zai nuna wa mutum nisan da ya yi.

Idan aka zo kan kala, fenti iri uku ne a kasuwa. Fentin ruwa shi ya fi araha, kowane kantin littattafai yana da shi, amma shi ya fi wuyar sarrafawa, domin in ka yi kuskure ba ya rufuwa, kuma da hunturu yakan bushe kafin ka gama jan buroshi. (Wani abin sha'awa: abin da ke riƙe kalar fentin ruwa ƙaro ne, irin na ɗakwara da ake tsinta a Yobe da Barno da Jigawa da Sudan, wanda almajirai ke sa wa tawada. Mu muke fitar da shi, a dawo mana da shi cikin ƙaramin gwangwani.) Fentin mai yana da kyau da nauyi, sai dai yana ɗaukar kwanaki bai bushe ba, ƙurar ƙasarmu kuma ba ta jira, ga warin kananzir ɗin wanke buroshi da ke damun mai ciwon ƙirji. Shawararmu ga mai farawa ita ce akirilik: da ruwa ake sirka shi, yana bushewa cikin mintoci, in ka ɓata sai ka shafe ka sake. Kala biyar sun wadatar, wato ja da shuɗi da rawaya da fari da ruwan ƙasa. Sauran duk haɗawa ake yi. Maimakon kyalle mai tsada, a sa kafinta ya yanka katakon silin ko falange, a shafe shi da farin fentin bango sau biyu. Wanda yake son ya ga yadda ake riƙe buroshi da haɗa kala, ya je ya zauna wurin masu rubuta allon talla ko masu zanen jikin manyan motoci. Yawancinsu ba su shiga aji don wannan ba, kuma suna da saurin koyarwa in an girmama su. Akwai kuma darussa kyauta a intanet, jikoki za su nemo.

Sai dai a lura, yawancin littattafai da darussan nan an yi su ne don ƙasashe masu wani irin haske. Wanda ya bi su ido rufe zai zana garinmu da koren Ingila da shuɗin saman Turai, ya rasa abin da ya sa bai yi kama ba. Samanmu da rani ba shuɗi ba ne sosai, yana da fari-fari da ɗan rawaya, da hunturu kuma hazo yakan haɗe sama da ƙasa har a rasa inda suka rabu. Dutsen da ke nesa a sa masa kala mai haske da ruwan toka, na kusa a ƙara masa duhu da ja. Da wannan kaɗai ake samun nisa a kan allo. Tsakar rana ba lokacin zane ba ne, inuwa takan shige ƙarƙashin abu, komai ya baje. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokacin da katanga da tudu suke fitar da siffarsu. Ƙasa ma ba kala ɗaya ba ce: jigawa dabam, jangargari dabam, baƙar laka ta fadama dabam, kuma manomi ya fi kowane littafi sanin wannan.

A nan ne ɗan gari yake fin baƙo. Baƙo zai zana gawo da ganye a tsakiyar damina, alhali kowane yaron da ya yi kiwo ya san gawo da damina yake kaɗe ganyensa, ya yi kore da rani lokacin da kuka take tsirara. Baƙo zai haɗa giginya da goruba, bai san goruba ce take rassa ba. Zai cika garin kakanninmu da darbejiya, wadda a zamanin Turawa aka kawo ta, ya bar rimi da ɗorawa da kanya da marke da suka riga ta. Zane daga ƙwaƙwalwa yana da nasa haɗari, domin zuciya takan ƙara wa abin da take ƙauna girma. Kududdufin da muke gani kamar tafki muna yara, wataƙila bai fi faɗin wannan zaure ba. Maganin wannan shi ne a kai zanen gaban sa'o'i da yayye a ce su gyara. Mun ga yadda zane ɗaya na bakin kasuwa ya tayar da muhawarar sa'a biyu tsakanin dattawa a kan ko rijiyar tana gabas ko yamma da rumfar mahauta, kuma a cikin wannan muhawara sunayen wurare da na mutane da aka manta suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da akwai mai rubutawa a wurin, da an samu babi guda na tarihin gari.

Kalma biyu game da jiki. Wanda ya ga kaloli sun fara yi masa duhu ko ja-ja, ya je a duba masa ido, domin yanar ido takan canza yadda mutum yake ganin kala tun kafin ta hana shi gani. Shahararren mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, ya yi fama da ita, zanensa na waɗannan shekaru ya rine zuwa ja da ruwan ƙasa, har aka yi masa aiki a 1923. Mai ciwon yatsu kuma ya naɗa tsumma a jikin buroshi ya yi kauri, ya kwantar da allon a tebur kamar yadda Kaka Moses take yi. Wanda zai fita fili ya zauna yana zane, ya sanar da mai unguwa, ya tafi da yaron gari, ya nisanci wuraren jami'an tsaro, domin a wannan zamani baƙuwar fuska da takarda a hannu tana jawo tambaya. Inda hanya ba ta da kyau, a haƙura a yi daga gida.

Dokar aikin gwamnati ta ce yawancinmu mu ajiye aiki in mun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 muna aiki. Mun ga abin da zaman banza a birni yake yi wa wanda ya saba fita ƙarfe bakwai na safe: daga masallaci sai benci, daga benci sai zancen fansho. Ba za mu ce zane yana warkar da hawan jini ba, wannan maganar likitoci ce. Abin da za mu iya shaida shi ne, mutum yakan kwanta yana ɗokin gari ya waye don ya ga yadda kalar jiya ta bushe, kuma jikan da ba ya ɗaga kai daga waya yakan matso ya tambayi sunan wannan dutse da wanda yake da wannan gona. Iyayenmu mata kuma kada su ɗauka da maza muke. Biyu daga cikin mutum uku da muka ba da labarinsu mata ne, kuma hannun da ya saba da lalle da saƙa da jeren ɗaki ya riga ya san rabin aikin.

Ga roƙonmu ga Shugaba da majalisarsa, kuma ba mai cin kuɗi ba ne. Muna so a ware shafi biyu masu kala a mujallar baɗi domin zanen wuraren garinmu, a kuma ba mu kusurwa ɗaya a wannan zaure mu rataye abin da muka yi. Duk wanda zai kawo zane, ya rubuta a bayansa sunan wurin kamar yadda mutanen gari suke kiransa, da shekarar da yake tunawa da shi a haka, da ɓangaren da mai kallo yake fuskanta, da abin da yake wurin a yanzu. Sakatare ya sa a ɗauki hoton kowanne, a buga kwafi biyu, ɗaya a ofishin Ƙungiya, ɗaya a ɗakin karatu na makarantar sakandarenmu. Muna kuma roƙon a rubuta a fili cewa waɗannan zane-zane ba hujja ba ne a shari'ar gona ko iyaka, don kada abin da aka yi domin zumunci ya zama sanadin zuwa kotu. Wanda ba ya iya zane amma yana tuna wuri da kyau, ya zauna da mai iyawa ya siffanta masa. Mun fi bukatar dattawan da suka haura shekara 80, kuma da su ya kamata a fara tun a wannan hutu.

Mun zo da littattafan zane da fensira, suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Mai sha'awa ya ɗauki ɗaya bayan an tashi, ya rubuta sunansa da garin da yake zaune da wurin da yake son ya fara zanawa, don kada mutum biyar su taru a kan kukar bakin kasuwa a bar fadama babu kowa.